Baƙin Cikin Tukunya

Na ajiye sakamakon gwajin a gaban Baba. Shekara talatin yana gaya wa masu sayen tukwanensa cewa baƙin da ke ƙyalli cikin tsohuwar tukunyar Inna ƙaro ne na sirri da ya shafa.

"Baba, na kankari kaɗan na auna a wurin aikinmu. Ba ƙaro ba ne, madara ce ta ƙone."

Ya leƙa inda Inna ke tsintar shinkafa, ya rage murya.

"Girkinta na farko ne, tana amarya. Kafin kakarki ta yi faɗa na ce ni na shafa."

Inna ko ɗagowa ba ta yi ba. "Tsohuwar ta gane tun ranar. Ita ta ce kar in kankare, ƙaryar ɗanta ta burge ta."