Dokar Bayan Kukar Malam Bawa

Tun da jihohi bakwai suka sa hannu a yarjejeniya, Hukumar Haɗin Gwiwa ce ke yin doka, ko gwamna bai isa ya soke ba. Kullum da safe sabuwa ke fitowa a allon bakin kasuwa, amma ba wanda ya taɓa ganin 'yan hukumar.

Goggo Talatuwa ungozoma ce, tun bara aka hana ta aiki a waje da jiharmu. Ga Yaya Hurera tana aure a tsallaken iyaka, cikinta ya tsufa, kuma haihuwa ba ta zo mata da sauƙi. Jiya muna cin tuwo mu uku, ni da Goggo da ƙaninta Kawu Ɗanjuma, Goggo ta ce za ta zagaya ta bayan kukar Malam Bawa ta tsallaka iyaka, ba mai ganinta.

Yau da na je sayen manja na karanta allon: an haramta wa ungozoma bin bayan kukar Malam Bawa. Na dawo na raɗa wa Goggo.

"Ɗanjuma," in ji Goggo, "yaushe ka fara aikin gwamnati?"

"Haba Yaya! Ni da ko sunana ban iya rubutawa ba?"

Sai duk muka kalli fitilar da hukumar ta raba wa kowane gida kyauta, wadda jiya ma a gabanta muka ci tuwo.

Goggo ta ɗaga murya ta ce, "To na haƙura, ina gida."

Sannan ta miƙo min ƙunshin kayan aikinta, ta nuna ƙofa da baki. Shekara shida ina tsaye bayanta a ɗakin haihuwa, kuma ni ba mai magana ba ce. Na ɗauki takalmana a hannu na fita.