Farin Zare a Gonar Baba

Wata la'asar a Burumburum, tun Turawa ba su tafi ba, na bi Baba gonarmu ta barkono. Muka tarar saƙar gizo-gizo ta lulluɓe ganyen, duk ya nannaɗe, fure yana zuba ƙasa.

Na hango gizon, na ɗauki hoge zan jefe shi. Baba ya riƙe mini hannu.

"Kul! Shi ya rufa wa Manzon Allah asiri a bakin kogo. Ba a kashe shi."

Ya jawo zare ɗaya ya naɗe a yatsa, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya dubi gonar da ke jikin tamu, ta ƙanensa Baffa Tanko masaƙi, wanda suka yi sa-in-sa da shi kan iyaka wajen rabon gado. Kore shar, ko zare ɗaya babu.

"Gizo ɗan aike ne," in ji Baba a hankali. "Wa ke sana'ar zare a garin nan?"

Sai ga Baffa ya ƙaraso, ya yi mana sannu da aiki, ya miƙo mini gasasshiyar masara. Har yau ina jin ƙamshinta. Baba ya amsa gaisuwar da fara'a, amma ya matse kafaɗata har sai da na saki masarar ta faɗi.

Zuciyata na gaya mini Baffa bai yi komai ba. Amma ga ni da furfura, in na ga saƙar gizo a ganye, gonar maƙwabci nake fara dubawa.