Takalma Goma Sha Biyu Marasa Ƙafa

Ya kai mai karatu mai daraja, Allah ya ƙara maka basira, ya tsare ka daga jinya, in kuwa ta zo ya haɗa ka da mai duba ka da natsuwa. Ka yi haƙuri da tsawon shimfiɗata, domin mu da muka yi karatu a zamanin da ake dukan yatsu saboda ɗigon tawada ba mu saba shiga zance ba sallama ba. Shekara goma sha tara ina shugabantar kwamitin dattawan da ke kula da asibitin sha-ka-tafi na garinmu, kuma daga abin da na gani a can na zaɓo maka wannan misali. Na ɓoye sunaye, domin rufin asiri halin manya ne.

Asibitin nan likita ɗaya gare shi, ƙauyuka tara kuwa suna dogara da shi. Iyakar ƙarfinsa mutum sittin a wuni. Saboda haka aka yi al'ada: mai son ganinsa ya zo bayan asuba ya ajiye warin takalminsa a layi, ya koma inuwa ko ya tafi uzurinsa. Maigadi ya ƙirga, in takalma sun cika sittin, sai ya ba sauran haƙuri su dawo gobe.

To, akwai wani baduku da ke da rumfa daura da ƙofar asibitin, yana da buhu guda na tsofaffin takalman da ya ɗinke masu su ba su dawo karɓa ba. Sai ya riƙa riga kowa, yana jera goma sha biyu a gaban layi. Ba sayarwa yake yi ba, kada a zalunce shi. Daɗin godiya yake ji. Surukinsa ya zo da mura, ya miƙa masa wari daga cikin na layin, ya shiga gaba. Wani attajiri ya zo awon jini, ya miƙa masa wari, a ce masa, "Kai dai ɗan albarka ne." Sau da yawa rabinsu ba mai ɗauka, sai ya faki ido ya tsince abinsa. Likita kuwa, da yake kullum ana ce masa layi ya cika, ya daina cin abincin rana, ya koma rubuta magani ba ya ko ɗaga kai.

Wata Litinin wata tsohuwa ta iso daga ƙauye mafi nisa, tana ɗingishi, ƙaya ta karye mata a tsakanin yatsun ƙafa. Ba ta da takalmi, ƙafarta ba ta taɓa saninsa ba. Ta tsuguna bakin rumfar ta ce, "Ɗan nan, ara mini wari ɗaya in kama layi, ko mai yagaggen baki ne." Ya ce, "Iya, duk na mutane ne, amana ce." Sai ta je ta tsaya da kanta a tsakanin takalma, rana na dukanta, har maigadi ya ce mata sittin sun cika. Talata ma haka. Baduku yana hango ta, sai ya gyara zama ya ba ta baya, yana ce wa zuciyarsa ai ba shi ya hana gwamnati turo likita na biyu ba.

Ran Laraba da hantsi ta faɗi. Likita ya fito da gudu, ya kwance tsumman da ta ɗaure ƙafar, ɗoyin ciwon ya sa mutane ja da baya. Ya ɗaga kai ya tambayi maigadi tun yaushe take zuwa. Da ya ji, sai ya miƙe ya ce kowa ya zo ya tsaya a kan takalminsa. Aka tsaya. Goma sha biyu na gaba, da ranar ba wanda ya zo nema, suka rage ba ƙafa, kowanne da ɗinkin jan zare, wanda duk garin an san hannu ɗaya ke yin sa. Idanu kawai suka juya zuwa rumfar. Likita ya ce, "Da na gan ta shekaranjiya, allura ɗaya da wanki sun isa." A ranar aka wuce da ita babban asibiti, aka yanke mata yatsu biyu. Baduku ya kwana bakwai bai buɗe rumfa ba, ko sallar jam'i sai a sahun ƙarshe, rawani a kan fuska.

Da aka kawo shi gabana ya kasa haɗa ido da ni. Ban yi masa dogon faɗa ba, domin kunya ta riga ni. Na ci shi tarar share harabar asibiti kwana arba'in, da zube buhun nan a ƙofa don marasa takalmi, sannan ya taka da ƙafarsa har ƙauyen tsohuwar, ya durƙusa ya auna ƙafar nan mai yatsu uku da hannunsa, ya ɗinka mata takalmi. Magabata dai sun faɗa: rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.