Sunan Mai Keken

Ranar Alhamis da hantsi Malam Shehu ya jawo kwalin daga bayan ƙofar zaure, ya zaro firam ɗin keken. Baƙi ne wuluk, babu taya, babu sirdi, kuma bai fi buta nauyi ba. Kabon ake ce masa. Mai shi, Suhail, jiya aka binne shi bayan la'asar.

Zazzaɓi ne, ba wata doguwar jinya ba. Malam ya bi gawa, ya dawo gidansa a Kusfa, ya ci tuwonsa. Ya yi ta jiran wani abu ya motsa a ƙirjinsa, amma shiru kake ji.

A Gyallesu Suhail ya tashi, gidan Alhaji Dogara, shi yake kira Baba. Da ya kama aiki a Kaduna sai hawan dutse da keke ya shiga ransa, ya rantse shi zai haɗa nasa da hannunsa. Duk Asabar sai ya ɓullo zauren nan da ɗan kwali, yau birki, wani satin sarƙa. Wai zauren Malam ya fi fili. Zauren Alhaji Dogara kuwa mota ma ta kwana a ciki, amma Malam bai taɓa tanka wannan ba.

Malam yana gefe yana zayyanar allo, sana'arsa ke nan, leɓensa na motsi. Malam ba ya iya rubutu da baki rufe. Duk kalmar da alƙalami zai ajiye, sai harshe ya riga shi faɗa. Saurayin kuma yana can gefe yana jera kaya, yana yi wa bango bayani: kabon ba ƙarfe ba ne, in ka matse noti da ƙarfin tuwo sai ya tsage daga ciki, ba ka sani ba. Bangon dai ya haddace darasin tsaf.

Sau ɗaya Suhail ya taɓa juyowa sosai. Ya ɗora yatsa a sandar sama ta firam ɗin.

"Malam, in na gama, a nan nake so ka rubuta mini sunana. Da hannunka."

"Kai dai bari ya tsaya da ƙafafunsa tukuna," in ji Malam, idonsa na kan allo.

Alkawarin ke nan, in ma alkawari ne. Ga shi Sharfaddeen, abokin hawan Suhail, ya ce zai zo Asabar ya ɗauki kayan, a haɗa a kai dutsen Kufena, don can marigayin ya so keken ya fara taka ƙasa. "Amma sai abin da ka ce, Malam." Malam ya ce ya zo ɗin. In keken ya fita zauren nan babu rubutu, ya fita ke nan.

Ya fara da wayar canza giya, wadda ake zurawa ta cikin firam. Ta ƙi fitowa ta ɗaya ramin. Ya zura zare, ya tsotso shi da baki kamar yadda ya ga an yi, ya ɗaura wayar ya jawo. Ya shafa giris, ya sa kan keken. Kowane noti sai ya ɗaure shi da sifanar nan mai cewa ƙas in ya isa, yana jin ƙas sai ya saki.

Mutane suna ta tsayawa a bakin zaure.

"Malam, ya haƙuri?"

"Da godiya. Zaman yana Gyallesu."

Sai su kalli hannunsa baƙi ƙirin da giris, su kalli juna, su wuce. Ya san me za a ce a unguwa. Bai ji zafi ba. Ba ya jin komai, ko yatsansa da sarƙa ta datse sai da ya ga jini ya sani.

Juma'a bayan masallaci ya ɗura wa birki mai, yana matsawa yana saki har kumfa ta ƙare. Ya sa tayoyin masu ƙuraje. Wajen sirdi ya tsaya, don babu mai shi balle a auna. Ya jingina keken a ƙugunsa, ya ɗaga sirdin daidai nan, ya ɗaure. Bai yi shakka ba.

Asabar da safe keken ya tsaya da ƙafafunsa. Ya juya feda da hannu, sarƙa ta haura ta sauko lafiya lau. Babu sauran abin fakewa.

Ya buɗe gwangwanin farin fenti, ya tsoma ɗan siririn burushi. Hajiya Kulu, matarsa, wadda tun Laraba ba a ji muryarta ba, ta zo ta tsaya bayan labulen zaure.

"Malam, za ka iya?"

Ya kai burushin kan sandar, ya rufe baki gam. Hannun ya ƙi tafiya. Ya goge ɗigon, ya sake gwadawa, hannun ya sake cijewa. Daga lungu ya jiyo Sharfaddeen yana gaisawa da maƙwabta.

Sai ya bari leɓen ya buɗe.

"Suhail," ya ce, burushin ya bi bayansa. Ya sake faɗa, da ƙarfi, muryar ta karye, a bayan labule Hajiya Kulu ta sulale ƙasa.

A gidansu ba a kiran sunan ɗan fari, kuma rabon bakin Malam da sunan nan tun ranar da ya raɗa wa jaririn shi a kunne, kafin a yaye shi a ba wan Malam, Alhaji Dogara, riƙo.