Hudar da Tela Ya Toshe

Ka ce tun da mahaifiyarka ta zame a bakin rijiya ka hana ta girki, ka hana ta zuwa barka da gaisuwar rasuwa, ko tsintsiya ba ka bari ta taɓa. Ga shi yanzu ta daina cin abinci, ka zo neman magani. Zauna tukuna, Tasi'u, in ba ka misali.

An yi wani tsohon tela da ya gaji wata akwalar mota wurin yayansa direba, wanda ya taɓa yi wa yaron mota a ƙuruciya. Shekara da shekaru tana jibge a rumfar gidansa, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Abin da ya sa ya waiwaye ta shi ne 'yarsu da ke aure a wani gari mai nisa ta samu ciki bayan dogon jira, matarsa kuwa ciwon baya ya hana ta shiga motar haya, inda ake cusa mutane kamar buhunan gero. Ya yi mata alkawari shi zai kai ta suna da kansa, tana kishingiɗe a kujerar baya. Kullum ya sauka daga kan keken ɗinki sai ya ɗauki sifana. Ya wanke kafireta, ya kankare fulogai, ya sauya tiyon mai da ya tsattsage, har ranar da injin ya yi tari ya tashi, matar ta rangaɗa guɗa daga kan tabarmarta. To, ka san tela, in ya ga huda hannunsa ƙaiƙayi yake yi. Yana goge murfin tanki sai ya ga wata 'yar huda kamar ta allura. Damina ce, rumfar kuma tana yoyo, ya ce lalle tsatsa ce ta ci wurin, ruwa zai bi ta nan ya ɓata masa mai. Ya samo gam ya liƙe ta tsaf, ya ji daɗin aikinsa.

Tun daga ranar mota ta tsiro da wani hali. A rumfa sai ta yi ta kaɗawa lafiya lau, amma da ya fita gwaji ya wuce gadar bayan gari, sai ta fara shaƙewa, ta ja, ta ja, ta mutu. Ya sauko ya buɗe tanki ya zura kara, ga mai nan, ya rufe ya murɗa makulli, ta tashi kamar ba ita ba. Ya zargi famfon mai ya sauya shi. Ya zargi kwayil da ɗaukar zafi ya naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma. Ya sake kwance kafiretar da ba ta ci ba ba ta sha ba. Ko'ina ya tuhuma, ban da wurin da ya tabbata alheri ya yi masa.

Yana cikin haka aka aiko an haihu, mace. Ranar suna suka kama hanya da sassafe, da ɗaurin rigunan jariri da ya ɗinka da hannunsa, yana fatan wannan karon ya dace da gyara. Ina, mota ta koma gidan jiya, tafiya kaɗan sai tsayawa, har rana ta take ba su ci rabin hanya ba. Yana hango matar a madubi tana share ido da gefen mayafi, kuma wannan ya fi masa ciwo a kan a ce faɗa ta yi. Da motar ta sake mutuwa a gindin wata tsamiya, ya zagaya ya buɗe murfin kamar kullum. Da yake kujerar matar na daf da tankin, sai ta leƙo ta taga ta ce, "Malam, ni dai ban san kan mota ba. Amma duk sanda ka buɗe murfin nan sai in ji ta ja dogon numfashi. Anya ba hanci ka toshe mata ba?"

Ya juya murfin ya dubi inda ya liƙe da gam. Sai a lokacin ya gane mai ba ya sauka daga tanki sai iska ta shiga ta maye gurbinsa, kamar yadda gwangwanin madara ba ya zuba sosai sai an yi masa huda biyu. Ya zare allurar da ba ta rabuwa da hularsa, ya soke gam ɗin, mota ba ta ƙara ko tari ba har suka isa. Sai dai sun tarar ana naɗe tabarmi, an raɗa suna, an ci rago, 'yan biki sun watse, mai jego ta wuni tana kallon ƙofa. Aka ɗora wa tsohuwa jikarta a cinya aka ce sunanta aka sa. Ta rungume ta tana dariya tana hawaye, shi kuwa ya tsaya a bakin ɗaki kunya ta hana shi shiga, sai da ta miƙo masa jaririyar ta ce ya karɓi amaryarsa, ai sun zo.

Ba mugunta ce ta toshe hudar nan ba, Tasi'u, so ne, irin wanda kake yi wa mahaifiyarka. Koma gida ka mayar mata da muciyarta da tsintsiyarta, in za ta barka ka riƙe hannunta ka raka ta har ƙofar gidan. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce garin neman gira akan rasa ido.