Kyandir a Kusurwar Bango

Coral ta cusa kwalin kyandir a jaka, ɗanta Denzil yana tsaye a kanta yana cewa ai Indiya ma ana sayar da kyandir. Ba ta kula shi ba. Likita ya riga ya faɗa mata abin da ke cikin ƙirjinta, ita kuma ba ta da sauran lokacin gardama.

Shekara hamsin da ɗoriya ke nan da barinta Sonapahar, garinmu na ma'aikatan jirgin ƙasa a Indiya. Lokacin kowa tafiya yake, wasu Ingila, wasu Kanada. Ita da mijinta birnin Perth suka nufa. Sun kwashe komai har tukwane, abu ɗaya suka bari: jaririnsu na fari, wanda ya kwana biyu a duniya ya koma.

Ba a kai ga yi masa baftisma ba. Irin waɗannan yara a wancan zamani ba a sa su cikin layi da mutane, can gefe ake kai su. Shi kusurwar bango ya samu, ƙarƙashin tsamiya, aka shafe shi da ɗan siminti, ko suna babu. Coral ba ta da buri yanzu sai ta ga wurin nan da idonta sau ɗaya, ta kunna masa wuta.

Ranar da za su hau jirgi, Queenie ƙawarta, wadda suka taso katanga ɗaya, ta yi mata alkawari. Duk ranar tunawa da matattu, da kowa ke shafe kabarin mamacinsa da farar ƙasa ya kunna kyandir, ba za ta bar yaron cikin duhu ba. Daga nan zumunci ya yanke, kamar yadda ya yanke wa yawancinmu.

Sai bara waccan wata jikar Coral ta tono lambar Queenie a zauren waya na tsofaffin 'yan unguwar. Suka yi kuka, suka zagi juna, suka tuna rawar Asabar da samarin da suka taka musu ƙafa. Queenie ta ce ba ta taɓa tsallake shekara ba. Tsamiya na nan, wuri na nan fes.

Kiran bidiyo ne kawai ta ƙi. Ta ce wa zai so kallon tsohuwar fuska. Hotunan jikoki da Coral ke turawa kuwa, amsa ɗaya ce kullum: duk ke suka ɗauko.

A gidan tsofaffi na sistocin coci Coral ta same ta, zaune a baranda da baƙin tabarau kamar 'yar fim. Coral na buɗe baki Queenie ta miƙe, ta kama fuskarta da hannu biyu.

"Ke, ja'ira, ba ki canza ba ko kaɗan."

"Ƙaryar nan taki dai ba ta tsufa ba," in ji Coral, tana dogara sanda, kai fari fat.

Queenie ta saƙala hannu a nata, suka fita. A hanya ita ke ta surutu, wai ga gidan su Tocher can, ga filin wasan hoki nan. Coral ta duba, shagunan taya ta gani da dogayen benaye. Ta ɗauka tsokana ce.

A ƙofar maƙabarta Coral ta ja ta tsaya. Bangon sabo ne. Bayansa wani ƙaton titi, manyan motoci na wucewa da gudu. Ta ɗaga kai neman tsamiya, sai turakun lantarki. Mai sayar da furanni ya ce ai da aka faɗaɗa titi an ci gefen nan duka, aka ja bango ciki. Kaburbura masu suna an kwashe su. Marasa suna kuwa, ya ɗaga kafaɗa.

Queenie ba ta ji ba, ta riga ta yi gaba, yatsunta na shafar bango, bokitin farar ƙasa a ɗaya hannun. Tana dariya tana cewa tsufa ya ƙara mata sauri, shekarun nan har hanyar ta rage mata tsawo.

Coral ta bi ta. Ko'ina mutane ne durƙushe kan nasu, wuta na ci. Ita nata yana can ƙarƙashin tayoyi, ba wanda za ta kama, ba ofishin da za ta je ta yi kuka.

A kusurwa Queenie ta durƙusa. Akwai ɗan siminti a wurin, daidai tsawon jariri, ya yi kauri da farar ƙasa shafi kan shafi, kakin kyandir na shekaru ya daskare a gefensa. Murfin kwalbati ne. Har ƙarar ruwan datti ana ji a ƙasa.

Coral ta dubi Queenie. Duk alherin da ke tsakaninsu, da wannan za a saka mata? Ta buɗe baki za ta yi magana.

Queenie ta shafa simintin a hankali, ta ce wa yaron ga mamarsa ta zo. Ta ƙyasta ashana. Wutar ta yi ta yawo a gefen kyandir, tana cin tsinke har ta kusa yatsa.

"Coral, kama hannuna ki kai ni kan lagwanin," in ji ta. "Shekara goma sha biyar ke nan da idona ya mutu, da laluben bango nake zuwa wurinsa, amma ban taɓa ɓata ba."