Tabo a Goshin Hedimasta

Hoto na goma sha ɗaya ya fito daga injin wanke hotuna da tabo irin na sauran: ɗigo ruwan ƙasa a goshin hedimasta, wani a ƙirjin ɗalibar da ke gabansa. Da azahar zai aiko a karɓi hotunan, kuma shi kaɗai ya yarda ya ba ni aiki tun da na kammala difloma.

Na sauya sinadarai, na auna zafinsu sau uku, sannan na tuhumi yayata da buɗe mini ɗakin duhun da nake wanke hotunan.

"Ni? Ɗakin da ke warin mushe?" in ji ta, mayafi a hanci. "Malam mai difloma, hancinka bai dawo daga makaranta ba ne?"

Na ce warin sinadari ne. Duk da haka na ɗauko rula na auna tsakanin ɗigon biyu. Tazarar ɗaya ce a kowane hoto, daidai zagayen sandar robar da ke jan takarda.

Na ɗaga murfin injin. Tsaka ce ta mutu ta kumbura tsakanin sandunan, fatarta na saɓulewa. Ni kuwa tun safe nake goge tabon da yatsana.

Na wanke sandunan, hoto na gaba ya fito fes, amma na kasa murna. Mako guda na ɓata ina liƙe kowace kafa ta ɗakin don kada haske ya shigo, ban taɓa tunanin akwai mai neman fita ba.